Habaici ko Zambo: Shin Mu Taɓa Waƙar Ministan da Bai Taɓa Shiga Teku Ba?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da wata magana da nake so ku taya ni dubawa, domin ranar Laraba mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a a kanta, kuma har yanzu ban tsayar da ra'ayi ba. Kamar yadda wasunku suka sani, shekara 3 ke nan ina cikin wata ƙungiyar wasan kwaikwayo mai waƙa a garin da nake zaune a arewacin Ingila. Babu wanda wasa ne sana'arsa a cikinmu: akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan jinya, akwai direban bas, akwai dattawan da suka yi ritaya, kuma mukan haɗu sau biyu a mako da daddare a wani ɗakin taro da muke haya. Bana mun zaɓi H.M.S. Pinafore, ƙaramar operar barkwanci wadda W. S. Gilbert ya rubuta kalmominta, Arthur Sullivan ya sa mata kiɗa, aka kuma fara nuna ta a Landan ranar 25 ga Mayu, 1878. Ni ina cikin 'yan amshi, a sahun sojojin ruwa, sannan ina cikin kwamitin gudanarwa mai mutum 9.

Ga wanda bai san labarin ba, komai yana faruwa ne a kan wani jirgin yaƙi na Sarauniya da ke tsaye a Portsmouth. Josephine, 'yar kyaftin ɗin jirgin, tana son wani ƙaramin sojan ruwa mai suna Ralph, amma mahaifinta ya riga ya ƙudurta ba da ita ga Sir Joseph Porter, ministan da ke riƙe da rundunar sojan ruwa baki ɗaya. Shi wannan minista bai taɓa shiga teku ba, kuma da bakinsa yake bayyana yadda ya hau, a cikin waƙar da yake gabatar da kansa da ita: ya fara da zama yaron aike a ofishin lauyoyi, yana shara yana goge mariƙin ƙofa, ya zama akawu, ya zama abokin tarayya a ofishin, ya yi kuɗi, aka kai shi majalisa, inda bai taɓa saɓa wa jam'iyyarsa ba, bai kuma taɓa wahalar da kansa da yin tunani ba, shi ya sa aka saka masa da wannan babbar kujera.

A kan wannan waƙa rigimar take. Daraktanmu, wanda matashi ne mai himma, yana so a cire baiti biyu daga cikin shidan, a maye gurbinsu da sababbi waɗanda za su ambaci ministocin yanzu da sunayensu da abubuwan kunyar da jaridu suka buga a kansu. Hujjarsa ita ce masu zuwa kallonmu suna ta tsufa, kujerun baya suna kwana babu kowa, kuma matasa ba za su biya kuɗin tikiti su zo su ji ba'ar da aka yi wa mutanen da suka mutu tun zamanin kakannin kakanninsu ba. Jagorar kiɗanmu kuwa, dattijuwa ce da ta haura shekara 40 a ƙungiyar, ta ce muddin ita ce ke riƙe da sandar kiɗa, ba za a taɓa ko harafi ɗaya ba. Dukansu biyu ina ganin girmansu, kuma ina tsoron kada mu rasa ɗaya daga cikinsu. Me kuke gani?

Malam Ɗanjuma:

Wa alaikumus salam, Baban Ummi. A ganina, abin da ya raba kan mutanen nan biyu shi ne abin da muke koya wa ɗalibai a darasin waƙar baka, wato bambancin zambo da habaici. Mai zambo yakan nufi mutum kai tsaye, ya siffanta shi yadda ba za a yi kuskuren gane shi ba, ya muzanta shi a bainar jama'a. Mai habaici kuwa yakan jefa magana a tsakiyar taro ba tare da ya kama suna ba, ya bar wanda ya tsargu ya tsargu, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Abin da Gilbert ya yi habaici ne, kuma da gangan ya yi shi. A 1877 firaminista Disraeli ya ɗora W. H. Smith a kan ma'aikatar sojan ruwa, alhali mutumin attajiri ne wanda gidansu ya yi arziki da sayar da jaridu da littattafai a tashoshin jirgin ƙasa, ba shi da wani tarihi a aikin teku. Duk wanda ya zauna a gidan wasa a 1878 ya san wannan, har aka riƙa yi wa Smith laƙabi da sunan jirgin da ke cikin wasan. Amma ku duba yadda marubucin ya kauce wa kama suna: ya fito da ministansa daga ofishin lauyoyi maimakon shagon jarida, ya kuma ba shi ra'ayin siyasa saɓanin na Smith, yana ta iƙirarin cewa duk mutane ɗaya ne. Abin da wannan kaucewa ta haifar shi ne waƙar ta fi wanda aka yi dominsa tsawon rai. Smith ya rasu a 1891, amma har yau babu ƙasar da za ka rera wannan waƙa ba tare da kowane mai sauraro ya tuno da wani ɗan siyasa da aka ba ma'aikatar da bai san komai a kanta ba.

Saboda haka shawarata ita ce kada ku taɓa ta. A yanzu rigar tana shiga wuyan kowa. Da zarar kun ɗinke ta daidai da jikin mutum ɗaya, to ta zama tasa shi kaɗai, kuma rabin 'yan kallonku, waɗanda suka zaɓi jam'iyyarsa, za su daina dariya su fara jin haushi.

Maman Fadila:

Allah ya gafarta Malam, bayaninka ya fito fili, amma ban gamsu ba, kuma ina neman afuwa idan na yi jayayya da na gaba da ni. Na daɗe ina rubuta wasannin kwaikwayo na rediyo, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne habaici ba ya cin mutum sai idan mai yi da mai sauraro sun san abu ɗaya. Kai da kanka ka ce duk wanda ya zauna a gidan wasa a 1878 ya san wanda ake nufi. Ke nan su abin da suka ji zambo ne da aka lulluɓe da mayafin habaici, kuma daɗinsa a wurinsu shi ne ganin ƙafar mutumin tana leƙowa ta ƙarƙashin mayafin. Ɗan kallo na yau ba shi da wannan daɗin. Shi abin da yake gani tsofaffin kaya ne da tsohon Turanci, sai ya ajiye wasan a gefen tarihi, ya tafa hannu don ladabi, ya koma gida.

Daraktan Baban Ummi yana ƙoƙarin dawo da zafin da wasan yake da shi ranar da aka fara nuna shi, kuma ni ina ganin wannan ma wani nau'in riƙon amana ne ga marubuci. Ko yaran da ke tashe a unguwa sukan cusa abin da ya faru a bana cikin tsohuwar waƙa, kuma ba wanda ya ce sun ɓata gado. Ban da haka, su kansu Turawan suna da wannan al'ada a cikin wasannin mutanen nan biyu. A The Mikado, wanda aka fara nunawa a 1885, akwai waƙar da hauni yake lissafa irin mutanen da za a iya kawarwa ba a yi kewarsu ba, kuma ya zama ruwan dare a sabunta jerin nan duk lokacin da aka sake wasan. Idan an yarda da wannan a can, me ya hana a nan?

Hajiya Yalwa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni na kwana biyu a Landan, kuma na kalli wasannin nan a manyan gidajen wasa da kuma ƙananan ɗakunan taro na unguwa, don haka bari in fara da yi wa jagorar kiɗanku adalci, domin akwai tarihin da ya sa irinta suke da tsauri. Richard D'Oyly Carte, wanda ya haɗa Gilbert da Sullivan aiki ya kuma gina gidan wasa na Savoy a 1881, shi da iyalinsa ne suka riƙe haƙƙin wasannin a Birtaniya. Tun 1879 kamfaninsu ya fara ba ƙungiyoyin sa-kai izinin yin wasannin, amma bisa sharaɗin a bi tsarin kamfanin, har da inda ɗan wasa zai tsaya da yadda zai motsa. Haƙƙin mallakar bai faɗi ba sai ƙarshen 1961, shekara 50 bayan rasuwar Gilbert, kamfanin kuma ya ci gaba da yawo da wasannin har zuwa 1982. Wanda ya tashi a hannun mutanen da suka koyi wasa a wancan zamani, a jininsa yake cewa rubutun nan ba a taɓa shi. Ba taurin kai ba ne kawai, tarbiyya ce.

Duk da haka, cewa ba a taɓa canza harafi ba, ba gaskiya ba ne. A 1948 kamfanin da kansa ya sa aka cire wata kalmar ƙasƙanci ga baƙar fata daga waƙoƙin The Mikado, kuma babu mai hankalin da ke neman a dawo da ita. Ke nan ƙofar canji a buɗe take, tambayar ita ce me ya cancanci a buɗe ta dominsa.

A nan ne nake rabuwa da ke, ƙanwata Maman Fadila. A duk lokacin da na ga wasan nan ya faɗi ƙasa a hannun 'yan sa-kai, ban taɓa ganin tsufan kalmomi ne ya kayar da shi ba. Abu biyu ne. Na farko, ba a jin kalmomin, domin makaɗa sun danne murya ko kuma ɗan wasa yana gudu yana haɗiye ƙarshen baiti, alhali a ƙarshen baitin nan dariyar take. Na biyu, 'yan wasan suna nuna wa jama'a cewa sun san abin dariya suke yi, suna ƙifta ido suna yamutsa fuska. Gilbert ya tsani wannan. A gabatarwar wani wasansa na 1877 mai suna Engaged, ya gargaɗi 'yan wasa cewa dole a yi shi da cikakkiyar natsuwa, kamar da gaske ake. Kafin a buɗe Pinafore, shi da Sullivan sun je Portsmouth, ya zana fasalin jiragen yaƙi na gaske, har da Victory, domin dandamalin ya fito kamar jirgin gaske. Dabarar ita ce komai ya kasance daidai, jirgi daidai, kaki daidai, fuska a ɗaure, sannan maganar banza ta fito daga bakin babban mutum cikin izza. Idan Sir Joseph ɗinku ya iya faɗin tarihinsa yana alfahari da shi har zuciyarsa, ba ya bukatar sunan kowa.

Malam Ɗanjuma:

Hajiya ta kawo abin da ban sani ba game da gyaran 1948, kuma na karɓa. Amma ina so in amsa misalin da Maman Fadila ta kawo, domin ina ganin ya fi ƙarfafa ɓangarena. Waƙar haunin nan jeri ce, kamar tsakiya a zare: za ka iya zare ɗaya ka sa wata ba tare da zaren ya tsinke ba. Kuma ko a cikinta, da marubucin ya iso kan 'yan siyasa a baitin ƙarshe, bai kama sunan kowa ba, ya ce wane da wane, ya bar wa masu sauraro su cike gurbin da kansu. Waƙar Sir Joseph kuwa tsani ce. Kowane baiti mataki ne da ke kai wa ga na gaba, daga shara zuwa kwafar wasiƙu, zuwa jarrabawa, zuwa tarayya a ofis, zuwa majalisa, har a iso ga nasihar da yake yi wa masu son hawa, cewa su liƙe wa teburinsu su nisanci teku. Ka cire mataki biyu daga tsakiya, mutumin ba shi da hanyar da zai bi ya kai sama, kuma nasihar ƙarshe ta rasa abin da za ta tsaya a kai.

Ɗan Damagaram:

Barkanku da hira. Mu da muka yi karatu ta ɓangaren Faransanci, da wannan nau'in wasa muka fara haɗuwa ta hannun Jacques Offenbach, wanda ya riga su Gilbert. A 1858 ya fito da Orphée aux enfers a Paris, inda aka ɗauki allolin tatsuniyar Girka aka mai da su fadawa masu shashanci da gulma, shugabansu Jupiter kuma mai bin mata ne da ke wa'azin kiyaye mutunci. Mutane da yawa sun karanta wannan a matsayin gugar zana ga fadar Napoleon na Uku, amma saboda an ɓoye ta a bayan tatsuniya, shi sarkin da kansa ya zauna ya kalli wasan a 1860. Wannan yana goyon bayan Malam Ɗanjuma.

Sai dai ina da abin da zai ɗan taimaki Maman Fadila. A nan Damagaram muna da wasan kara, inda samari ke kwaikwayon masu mulki, wannan ya zama sarki, wancan ya zama gwamna, wani ya zama babban soja, da kayan aiki da aka ƙera da kara, kuma ba a ɓoye wanda ake kwaikwaya. Ana ɗaukar tafiyarsa da muryarsa da yadda yake gyara hula, wani lokaci ma a gabansa. Ba a jin haushi, domin al'ada ta riga ta ba da wannan izini, kamar yadda ta ba taubasai izinin tsokanar juna. Saboda haka ni tambayar da zan yi wa Baban Ummi ita ce: masu zuwa kallonku, da wace yarjejeniya suke shigowa? Idan sun saba a kama suna a wannan dandamali, to ba laifi. Idan kuwa sun zo ne da sanin cewa za a yi musu tsohon wasa yadda suka san shi, kama suna zai zo musu kamar baƙon da ya shigo gida ya fara wasan taubasantaka da wanda ba taubashinsa ba.

Kawu Ilu:

Ku yi mini haƙuri, na je na karanta yadda labarin ya ƙare, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai fiye da maganar minista. An ce wata mai talla a jirgin, Buttercup, ita ce ta tona asiri a ƙarshe cewa a da tana karɓar renon jarirai, kuma ta musanya biyu: wanda ya zama kyaftin asalinsa ɗan talaka ne, Ralph kuma shi ne ɗan manya. Nan take aka musanya musu muƙami, minista ya fasa auren Josephine domin yanzu 'yar talaka ce, Ralph ya aure ta, shi kuma tsohon kyaftin ya auri Buttercup. To, idan tare aka rene su, ai Ralph sa'an uban yarinyar ne. Idan kuma renon ya haɗa da shayarwa, a wurinmu ya zama baffanta na nono, tsohon kyaftin kuma ya auri uwar da ta shayar da shi. Na san ba shari'armu suke bi ba, amma ko a lissafin shekaru abin bai zauna ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: wasan ya yi ta nuna cewa soyayya ta fi asali, sannan a ƙarshe bai bar talaka ya auri 'yar manya ba sai da aka gano cewa shi ma ɗan manya ne. Ke nan asalin ne ya yi nasara. Idan akwai abin da ya cancanci gyara a wannan zamani, ashe ba wannan ba ne?

Baban Ummi:

Kawu, maganar shekarun nan an daɗe ana yin ta, kuma kusan duk sabon ɗan wasa sai ya tayar da ita a makon farko na gwaji. Rubutun yana magana ne a kan renon kuɗi da aka sani a Ingila ta wancan zamani, inda ake ba mace jarirai ta kula da su a biya ta. Amma rashin zaman lissafin da gangan ne. A lokacin, gidajen wasa cike suke da labaran ban tausayi waɗanda ake warware su da musayar jarirai ko wasiyyar da ta ɓace, shi kuma Gilbert ya ɗauki wannan dabara ya kai ta inda kowa zai ga rashin hankalinta.

Game da asali kuwa, ni da nake tsaye a dandamalin ina ganin abin ta wata fuska. Cikin minti kaɗan, mutanen nan biyu sukan fita su dawo sun musanya kaki, sai ka ji tsohon kyaftin ya koma magana irin ta ƙananan sojoji, Ralph kuma ya fara ba da umarni, alhali babu abin da ya canza a jikinsu ko a iliminsu sai labarin da wata mata ta bayar. Shi kuma ministan da ya yini yana wa'azin cewa soyayya tana daidaita kowa, da ya ji amaryar 'yar talaka ce, sai ya ce daidaitawar ba ta kai nan ba. A ganina wannan ne wurin da wasan ya fi cizo, kuma shi ya sa maganar Hajiya ta shige ni, domin idan aka yi wannan fitowa da wasa da dariya, sai ta zama shirme kawai, idan kuwa aka yi ta da fuska a ɗaure, sai mai kallo ya ga cewa girman da ake ta bauta wa tun farkon wasa bai wuce riga da hula ba.

Maman Fadila:

Na karɓi hujjar tsani, Malam Ɗanjuma, domin a matsayina na mai rubutu na san ciwon a zare maka tsakiyar labari. Na janye maganar cire baiti biyu. Amma ban janye damuwata a kan kujerun da babu kowa ba, domin ƙungiyar da ba ta sayar da tikiti ba za ta iya biyan hayar zaure da kuɗin makaɗa ba, kuma ranar da ta rufe, babu wanda zai rera baitin, tsoho ko sabo. Ga shawara ta tsakiya: a rera baiti shidan yadda suke, idan jama'a suka tafa suka nemi a maimaita, sai ɗan wasan ya dawo da baiti ɗaya sabo wanda ya taɓo halin yau, kamar ministan da ake sauya wa ma'aikata kafin ya gama sanin sunayen ma'aikatansa, ba tare da an ambaci kowa ba. Ta haka rubutun asali ya tsira, daraktan ya sami abin da zai nuna wa matasa, kuma ba a fita daga habaici ba. Sharaɗi ɗaya ne: wanda zai rubuta baitin ya zauna da jagorar kiɗa, domin idan gaɓoɓin kalmomi ba su hau karin Sullivan daidai ba, kunne zai gane baƙo ne tun daga layin farko.

Hajiya Yalwa:

Wannan shawara ta fi ta farko nesa ba kusa ba, kuma maimaici tsohuwar al'ada ce a wasannin nan, ba wanda zai ce bidi'a ce. Ga amsar tambayar ɗan'uwanmu na Damagaram kuma: a Ingila akwai dandamalin da aka ba izinin kama suna, shi ne wasan barkwancin da ake yi wa iyalai a lokacin Kirsimeti, amma masu zuwa kallon Gilbert da Sullivan da wata niyya dabam suke zuwa, da yawansu sun haddace waƙoƙin. Abin da nake jan kunne a kai shi ne kada a ɗauka baiti ɗaya zai cika zaure. Wanda bai sayi tikiti ba, bai san an sa sabon baiti ba. Abin da na ga yana kawo sababbin fuskoki shi ne sa matasa a cikin wasan kansa, domin kowane ɗalibi da ya hau dandamali yakan jawo iyayensa da abokansa. Ayarin 'yan'uwa mata da ke bin Sir Joseph duk inda ya sa ƙafa wuri ne da zai ɗauki 'yan mata da yawa masu koyon waƙa.

Baban Ummi:

Assalamu alaikum. Na dawo in sanar da ku yadda zaman jiya Laraba ya kasance. Na gabatar da shawarar Maman Fadila, na kuma yi amfani da hujjar tsani da bayanin bambancin zambo da habaici, wanda sai da na ɗan sha wahala kafin in fassara musu shi, amma da suka gane, ita jagorar kiɗan ce ta fara gyaɗa kai. An kaɗa ƙuri'a, mutum 6 suka amince a bar baiti shidan yadda suke a ƙara ɗaya a maimaici ba tare da suna ba, mutum 3 suka ƙi. Daraktan yana cikin waɗanda suka ƙi, domin har yanzu yana ganin mun ji tsoro ne, amma ya ce zai ci gaba da aiki, kuma shi zai rubuta baitin. Jagorar kiɗan ta yarda bisa sharaɗin sai ta gwada shi a fiyano ta ji ya zauna, in bai zauna ba a ajiye shi. Ta kuma amince ta rage saurin waƙar kaɗan, ta sassauta makaɗa a ƙarshen kowane baiti, kamar yadda Hajiya ta nuna.

Kawu Ilu, na kai musu maganarka ta asali, kuma an yanke cewa za a rubuta ɗan bayani a takardar shirin da ake raba wa 'yan kallo, a kan W. H. Smith da kuma renon kuɗi, domin mai kallo ya san abin da ake yi wa ba'a. An ɗora mini rubuta shi, kuma zan kawo muku daftarin ku duba kafin a kai wa mai buga takardu. Abin da ya rage mana yanzu shi ne ƙarancin maza: mata 'yan amshi sun kai 19, mu sojojin ruwa kuwa mu 7 ne, biyu kawai ke da siririyar murya ta sama, alhali da waƙarmu ake buɗe wasan. Ranar Litinin ni da daraktan za mu je kwalejin da ke kusa da mu mu yi magana da malamin kiɗansu, ko za mu sami samari huɗu ko biyar kafin a fara gwajin kashi na biyu.